Layin da Ya Haɗa Inna da Illo

Runjin Sambo, Sakkwato
Litinin, 6 ga Mayu, 2024, ƙarfe goma da minti arba'in na safe

Zuwa ga Kawu Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka ne daga shagon kwamfuta na bakin titinmu, domin yau kwana uku ba wuta a unguwa, mai shagon kuma ya ce da sha biyu zai kashe janareta. Ina fata kai da iyali kuna lafiya a Kanada. Mu nan sai godiya, in ban da zafi. Inna tana gaishe ka. Ƙanenta, Kawu Mustapha, har yanzu da sanda biyu yake zuwa rumfarsa ta hatsi. Yaya Illo shi ma tun bara ya fara riƙe sanda.

Na kammala aikin da ka ba ni na tattara rubuce-rubucenka don neman kujerar farfesa. Na ƙirga komai sau biyu. Takardunka na bincike arba'in da uku ne. Ka yi aiki da mutum hamsin da takwas daga ƙasashe tara. An kafa hujja da ayyukanka sau ɗari shida da goma sha biyu. Arba'in da ɗaya daga ciki kai ne ka ambaci kanka, na ware su daban. Wadda ta fi kowacce ita ce ta 2013 a kan ciwon sandarewar ƙafa na gidanmu: sau ɗari da tamanin da bakwai, kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Wasu takardunka shida a kanta suka ginu.

Kawu, a wannan takardar na tsaya. Na karanta ta duka. Ta ce ciwon daga uwa yake bi zuwa ɗa namiji, ba ya bi daga uba zuwa ɗa. Babbar hujjar ita ce zanen zuri'a na shafi na uku, inda aka nuna mace lafiyayya, ɗan'uwanta yana da ciwon, ɗanta ma yana da shi. Na gane mu ne: Inna, Kawu Mustapha, da Yaya Illo a ƙarƙashin Inna.

Amma ba Inna ta haifi Yaya Illo ba. Ɗan farin Kawu Mustapha ne da marigayiya Maimuna. Da aka yaye shi aka ba Inna riƙo. Idan haka ne, ciwon ya bi daga uba zuwa ɗa.

Ƙila akwai abin da ban fahimta ba, tunda bara na gama digiri. Don Allah ka duba.

'Yarka,
Ummulkhairi

*

Alhamis, 9 ga Mayu

Ummu 'yata,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau. Jerin nan ya yi kyau ƙwarai. Sakatariyar sashenmu ma ba za ta yi kamarsa ba. Allah ya yi miki albarka.

Zancen Illo kuwa, kwantar da hankalinki. Ni da bakina na tambayi Innarki Balaraba 'ya'yanta nawa, Illo ta fara ambata. Na tambayi Mustapha, ya ce Faruk da mata uku. Takardar da na rubuta amsoshin tana nan a ajiye. Kin san gidan Bahaushe, kowa ɗan kowa ne, shi ya sa yara suke rikicewa.

Na dai gane abin da ke cin ranki. Na faɗa a lokacin cewa 'ya'yan Balaraba mata suna iya ɗauke da ciwon su ba 'ya'yansu maza, kin girma kin karanta, tsoro ya kama ki. Ko wani ya fara sallama a ƙofar gida ne ba a gaya mini ba? Kada ki ji kunya. In kin zo nan karatun digiri na biyu, ni zan kai ki a auna jininki.

Ki gaida Balaraba.

Kawunki

*

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya.

Ba wanda ya yi sallama, kuma ba don kaina na rubuta ba. Na san gyaran ni zai yi wa daɗi, shi ya sa na riƙe maganar kwana tara ina tuhumar kaina kafin na aiko.

Ban ce an yi maka ƙarya ba. Na tuna ranar da ka zo a 2012, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, kana zaune kan tabarma da shuɗin fayil. A Ikko ka tashi, ƙila shi ya sa ba ka lura ba. A nan mutum ba ya ƙirga ɗan farinsa, ko sunansa ba ya kamawa, saboda alkunya. Ban taɓa jin Kawu Mustapha ya ce “Illo” ba. “Wancan na gidanku” yake cewa. Mai riƙo kuma ba ta cewa ɗan riƙo ne, balle a gaban yaron, balle ga baƙo mai biro a hannu. Kowannensu ya ba ka amsar da mutumin kirki zai bayar.

Hujjojina uku. Na ɗaya, an haifi Yaya Illo a watan Afrilu na 1990, an ɗaura auren Inna a Disambar wannan shekara. Na biyu, a katin rigakafinsa, wanda ke cikin adakar Inna, sunan uwa Maimuna ne. Na uku, shafi na huɗu na takardarka ya ce jinin mutum biyu kaɗai aka auna, Kawu Mustapha da wansa marigayi Sodangi, na Yaya Illo ya lalace a hanya. Ke nan ba wani awo da ya haɗa shi da Inna sai maganar baki.

Ga hoton katin na haɗa.

Ummulkhairi

*

Lahadi, 2 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Kawu,

Assalamu alaikum. Yau mako uku ban ji daga gare ka ba. Na duba ko wasiƙar ba ta tafi ba, ta tafi. Ina fata lafiya ce. An yi ruwan farko shekaranjiya, gari ya ɗan yi sanyi. Inna na fama da mura.

Da na yi niyyar yin shiru har ka amsa, amma akwai Faruk. Ka san kai ka gaya wa Kawu Mustapha cewa 'ya'yansa maza sun tsira. A kan wannan magana aka saya wa Faruk babur yake kabu-kabu. Shekararsa ashirin da bakwai yanzu.

Ranar Talata ya zo gaishe da Inna, ya tuɓe takalmi a bakin ɗaki. Na ga gaban takalman ya cinye, dunduniyar kuwa kamar sabuwa. Haka na Yaya Illo suke yi. Da ya fito na ce ya yi tafiya a kan dunduniya daga randa zuwa zaure. Ya yi dariya.

“Likita ba allura! Ke da ko bautar ƙasa ba ki tahi ba?”

Na ce, “Yi dai in gani.”

Taku huɗu ya yi, ya dafa bango. Ya ce, “Gajiya ta. Dokta na Turai yac ce ni ba ruwana da ciwon ga. Ke kin hi shi sani?”

Gaskiya ne, ban fi ka sani ba. Amma da ƙafar dama ake taka birkin babur, kuma mutane yake ɗauka.

Inna ta ga katin ba ya inda ta ajiye shi. Ta tambaye ni, na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce, “Wa yas sa ki tonon ga? Ɗana na. Ni nig goye shi, ni niy yi jinyar ƙyandanai. Takarda ta san goyo?” Tun ranar, in ba aike ba, ba ta yi mini magana.

Kawu, ka ce wani abu, ko da faɗa ne.

Ummulkhairi

*

Laraba, 5 ga Yuni

Ummulkhairi,

Wa alaikumus salam. Lafiya nake. Allah ya ba Balaraba sauƙi.

Na ga katin tun ranar da kika aiko. Ba na jin na yi barci sosai tun daga nan. Kin yi daidai. Na ɗauko shuɗin fayil ɗin na duba, shekarun Illo da na auren Balaraba duk suna ciki da rubutun hannuna, shafi biyu ne kawai tsakaninsu. Ban taɓa haɗa su ba.

Amma ki fahimci inda nake tsaye. Kwamitin ƙarin girma zai zauna ranar 28 ga wannan wata. Shekara goma sha tara nake jiran wannan zama. Takardar nan ba tawa ce ni kaɗai ba, sunan mutum bakwai ne a kanta. Akwai farfesan da ya ɗauke ni aiki saboda ita. Akwai wata ɗaliba a Masar da ta shekara uku tana bin sawun da muka nuna. In na rubuta wa mujallar yau, ƙila su ce gyara, ƙila su janye takardar ɗungurungum. In suka janye, ɗari da tamanin da bakwai ɗin nan da kika ƙirga sun zama shaidu a kaina.

Ban ce ba zan gyara ba. Na ce a bari kwamiti ya zauna. Kwana ashirin da uku ne. Kuskuren da ya shekara goma sha ɗaya ba zai ruɓe a wata guda ba. Faruk kuwa, takalmi ba awo ba ne. Kada ki tayar wa Mustapha da hankali a kan zato. Ki aiko mini da jerin a tsaftace, ba tare da alamar jan biro da kika sa wa ta 2013 ba.

Takardar shaidarki ta neman karatu tana nan kan teburina. Za mu yi maganarta.

Jalaluddeen

*

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe

Kawu,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Allah ya maimaita mana. An yi layya lafiya ranar Lahadi. Murar Inna ta warke.

Na bi umarninka kwana goma sha biyu. Ban gaya wa kowa komai ba.

Ranar Litinin, washegarin Sallah, wajen ƙarfe huɗu na yamma, Faruk ya ɗauko wata mata da ƙullin naman layya. A mahaɗar Ƙofar Kware wani mai keke ya tsaya a gabansa. Ya ce ya ɗaga ƙafa zai taka birki, ƙafar ta ƙi zuwa da wuri. Ya karye a tsintsiyar hannun hagu. Matar ta ƙuje a gwiwa da goshi, an yi mata ɗinki uku. Allah ya taƙaita.

A asibiti ba ya tsokana. Ya ce da ni, “Ummu, ba yau ta hwara ba. Tun azumi nike ji. Nic ce tunda Dokta ya hwaɗi, to ba shi ba ne.”

Sai na gaya masa duk abin da na sani. Na saɓa maka, ina neman gafara, amma ko yanzu aka maimaita haka zan yi.

Jiya na je rumfar Kawu Mustapha. Na jira masu awo suka ragu, na durƙusa na ce ina da tambayar da ba ta kamace ni ba. Na ce likitoci suna bukatar sanin wanda ya haifi Yaya Illo, a rubuce, da sa hannunsa.

Ya ce, “Ashe haka boko yake? A aiko ɗiya ta tambayi kawunta abin da ba a tambaya?”

Na ce, “Saboda Faruk ne, Kawu.”

Ya sa hannu cikin buhun gero yana ɗiba yana zubarwa. Har na ɗauka ya sallame ni. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Rubuta. Ni nih haihe shi. Balaraba ad da shi.” Ya sa hannu da ajami. Ko a nan bai kama sunan ba, ni na rubuta shi a sama.

Ga hoton takardar. Ga kuma jerin, da alamar jan biron a inda take. Ban iya cire ta ba. Kai ne mai takarda, kana iya gogewa da hannunka. Ba zan rubuta wa mujalla ko kwamiti a bayan idonka ba, ba ni da wannan hurumi.

Na fahimci abin da kake nufi da takardar shaidata da ke kan tebur. Ka bar ta a nan. An ce watan gobe za a fitar da sunayen masu bautar ƙasa, zan tafi inda aka tura ni.

Ummulkhairi

*

Litinin, 24 ga Yuni

Ummu,

Wa alaikumus salam. Ya jikin Faruk? Na kira shi ranar Juma'a, ya ƙi ɗauka. Na kira Mustapha, ya ɗauka, ya tambaye ni ya sanyi, ya iyali, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Takardar shaidarki tun ranar 20 ga Mayu na sa mata hannu na aika. Kwafinta ne a kan tebur. Abin da na so in ce shi ne ban san da wace fuska zan karɓe ki a ɗakin bincikena ba. Na sake karanta layin, na ga yadda ya fita. Wanda ya ce a goge jan biro ba shi da bakin cewa an yi masa mummunar fahimta.

Ranar Alhamis na rubuta wa abokan aikina shida. Ranar Juma'a na rubuta wa editan mujallar, da hoton katin da takardar Mustapha, na rufe sunaye. Yau da safe na shiga ofishin shugabar kwamiti na ajiye mata jerinki da jan bironsa. Ta karanta, ta ce za su tattauna ko su zauna a kaina ranar 28 ko su ɗage zuwa baɗi. Huɗu daga abokan aikin sun amince. Ɗaya bai amsa ba. Tsohon farfesana ya rubuto layi ɗaya: yaya aka yi mutum bai san dangin gidansu ba? Ɗalibar Masar ita ta fi kowa kirki, ta ce dama shekara uku lissafinta ba ya fita, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba.

Na nemi a sa sunanki a takardar gyaran. Ba alfarma ba ce, ke kika gano.

Faruk kada ya sake hawa babur sai likitan jijiya ya gan shi. Na yi magana da wani abokin karatuna a nan Sakkwato, Dokta Na'Allah, zai duba shi ranar Alhamis. 'Yan'uwansa mata uku ma a duba su, domin yanzu maganar ta shafe su ta wata fuska. Zan zo a Agusta a ɗebi jinin duk wanda ya yarda.

Ga sabon zanen. Illo ya koma ƙarƙashin Mustapha da Maimuna. A ƙa'idarmu, ɗan riƙo ana haɗa shi da mai riƙonsa da tsinkakken layi, na sa wa Balaraba shi. Ki nuna mata kafin ya fita, ki ce ina roƙon gafararta.

Kawunki

*

Alhamis, 27 ga Yuni, ƙarfe biyu da rabi na rana

Kawu,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ka yafe mini zaton da na yi maka.

Yanzu muka dawo daga wurin Dokta Na'Allah. Ya buga gwiwar Faruk da ɗan gudumarsa, ƙafar ta yi tsalle fiye da kima, duka biyun. Ya ce alamun sun yi kama, amma ba zai yanke ba sai an yi hoto da awon jini. An kulle babur a zaure, makullin yana hannun Yaya Illo. A hanyar dawowa Yaya Illo ya ce da Faruk, “Kwantar da hankalinka ƙanena, sanda ba ta shan mai.” Faruk ya yi dariya, sannan ya juya fuska.

Jiya na buga zanen a takarda na kai wa Inna tana tsince shinkafa. Na isar da saƙonka. Ta ce ta yafe, ai ba da gangan ka yi ba. Ta goge hannu ta karɓa, ta ce in nuna mata ita, na nuna. Ta ce in nuna mata Illo, na nuna. Ta bi layin da ke tsakaninsu da yatsa.

Ta ce, “Mi yas sa nawa yat tsintsinke?”

Na ce haka ake zana riƙo.

Ta ce, “Maimuna shekara biyu tar riƙe shi, an ba ta layi ɗoɗar. Ni shekara talatin da biyu, ko kwana guda ban sake shi ba.” Ta ninke takardar ta sa a adaka, tare da katin. Da yamma ita ta zuba mini tuwo da hannunta.

Ka taɓa ce mini in riƙa rubuta abin da aka sani daban, wanda ba a sani ba daban. Ga wanda ban sani ba zuwa yau:

Ko kwamiti zai zauna a kanka gobe.

Ko mujalla gyara za ta yi ko janyewa, da abin da zai sami takardu shidan da suka ginu a kanta.

Cikin mutum ɗari da tamanin da bakwai ɗin, nawa ne suka gaya wa wani uba cewa 'ya'yansa maza sun tsira.

Ko ciwon ne a ƙafar Faruk, da sana'ar da zai kama in shi ne.

Sunan matar da ya ɗauko. An sallame ta kafin in tambaya, ina so in je in duba ta.

Amsar da zan ba Inna. Na duba littattafai uku a kan zanen zuri'a, duk tsinkakken layi suka ce. In ka san wata ƙa'ida da ta fi wannan, ka aiko mini kafin Agusta, domin na san za ta tambaye ka, kuma a kan tabarmar nan za ta zaunar da kai.

'Yarka,
Ummulkhairi